Ƙato Bayan Ƙato

Tun da sassafe Kellu ta goge wa ƙaninta Mala farin kaftani, ta saka masa katin ƙungiya a aljihun gaba. Ranar ce ƙungiyar ci gaban unguwarsu a Dogo Tebo za ta zaɓi shugaba, kuma zaɓen ƙato bayan ƙato ne: ɗan takara ya tsaya, ka bi bayan wanda kake so, a ƙirga kawuna kowa na gani.

Shekarar Mala talatin da huɗu. Bai iya karatu ba, magana sai ya laluba kafin ta fito, abin da ake faɗa wa wani sau ɗaya shi sai an faɗa masa sau biyar. Amma shi ke tura kurar ruwa gida-gida daga famfon bakin masallaci, ranar yasar kwata kuma shi ne farkon shiga, shi ne ƙarshen fita. A wajen aiki ba wanda ya taɓa tambayar hankalinsa. Sai a wajen zaɓe.

Shekara uku da suka wuce Alhaji Ɗantala, shugaban ƙungiyar, ya fizgo shi daga cikin jama'a, ya ce ƙato bayan ƙato aka ce, ba gaula bayan ƙato ba. Aka kwashe da dariya. Zagi kuwa ba ya bukatar a maimaita wa Mala sau biyar. Kwana biyu bai fita da kura ba. Daga baya Ɗantala ya sa aka ƙara layi ɗaya a dokar ƙungiya: sai mai cikakken hankali zai yi zaɓe. Wa ke auna cikar? Shi.

Kellu ba ta manta ba, kuma ba ta bar kowa ya manta ba. Mace ce da direbobin tirela ke ci a rumfarta ta bakin tasha suna kiyaye harshensu, don nata ya fi nasu kaifi. Da Malam Bubayaro, tsohon malamin firamare, ya fito takara ya yi alkawarin goge wannan layi, sai ta zama lasifikarsa. Ta shiga gida-gida. Ta tuna wa iyaye cewa ban da Mala akwai mutum huɗu irinsa a unguwar, ana kulle su a ɗaki ranar taro kamar abin kunya.

A gida kuwa sati guda tana fama da Mala kan inda zai tsaya. Ta lallaɓa, ta yi faɗa, har kofi ta zana masa da gawayi a bango, don kofi ne alamar Bubayaro. Maƙwabta na jin muryarta ta kan katanga, suna cewa baiwar Allah tana shan wahalar koyarwa.

A ƙofar makarantar da za a yi zaɓen suka tarar da Ɗantala, babbar riga ta sha sitati, yana gaisa da mutane da hannu biyu. Ya ga Kellu, ya ga wanda ke biye da ita, fara'ar ta gudu. Ya san tafiyar ta matse, kai ɗaya ma abin tsoro ne.

"Kellu, abin har ya kai ku kwaso irin waɗannan? Doka na nan."

Mala ya miƙa katinsa, ya fara lalubo magana. "Alhaji, ni ai, ni ai..."

Ɗantala bai jira ba. Ya ce wa masu tsaron ƙofa su zaunar da shi a gindin dalbejiya, idan an gama a ba shi lemo.

Kowa ya ja baya yana jiran Kellu ta fashe. Ta buɗe baki. Ta dubi ƙaninta, ta dubi Ɗantala tun daga hula har takalmi, sannan ta rufe bakin a hankali ta wuce ciki. Mutane suka ce yau an ga ranar da aka kashe bakin Kellu.

Mai unguwa ya karanta ƙa'ida: idan layi biyu suka yi daidai, wanda ya fi shekaru ya ɗauka. Aka ja layi cikin rana. Mai unguwa ya bi yana dafa kafaɗu yana ƙirgawa da ƙarfi. Bayan Bubayaro, sittin da uku. Bayan Ɗantala, sittin da uku. Ɗantala ya ce a sake. Aka sake, har sau uku, ba kan da ya tsiro. Bubayaro ya girme shi da shekara tara.

Kafin a watse sabon shugaba ya karɓi biro ya soke layin nan na dokar ƙungiya gaban kowa.

Ɗantala na ƙoƙarin sulalewa zuwa motarsa Kellu ta tare shi, Mala a gefenta, lemon da aka ba shi bai ko buɗe ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ɗazu ƙaninta ya fara magana Alhaji bai da lokaci, yanzu kuwa ta ga lokaci ya samu, sai ya tsaya ya ji ƙarshenta.

Mala ya daɗe yana laluba. Wannan karon ba wanda ya katse shi.

"Ya Kellu ta ce in bi kofi, na ƙi. Tun da ka hau kujera, famfo bai mutu ba. Ni ai bayanka na zo tsayawa, Alhaji."