Kore Nan, Kore Can

Kwana tara ke nan, da an idar da sallar azahar sai layin sadarwa da ya haɗa ofishin Tambuwal da na Kebbe ya ɗauke. Sai rana ta yi sanyi ya dawo don kansa.

Injiniya Ɗangiwa aka ɗora wa laifin, sabon ɗauka, wanda ya shekara uku yana yawon neman aikin. Ya buɗe akwatin na'urar Tambuwal, fitila kore. Ya hau mashin har Kebbe, can ma kore. Amma in ya tura saƙon gwaji daga nan, can shiru. Ya canza wayoyi, ya goge saiti ya sake, ya gwada lambobin ɓangarorin biyu ɗaya bayan ɗaya. Ba kuskure.

Akwai akwati na uku a gindin dogon ƙarfen sabis na bayan Jabo, inda saƙo ke yada zango. Wannan bai zarge shi ba, don shi da hannunsa ya kintsa wurin ranar da ya kama aiki. Ƙazanta ya tarar: tsohon buhun algarara yashe a kan akwatin, ƙasa jagab, ga Na'iya mai fura, matar marigayi mai gadin wurin, ta baje ƙwarya da tulu. Ya wurgar da buhun, ya ce ta tattara.

"Shekara shidda nika zama nan," in ji ta.

"To sun isa, Inna. Nan ba kasuwa ba ce."

Ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauki tulunta ta tsallaka titi, ya datse shinge da kwado.

Ran Alhamis manaja ya kira: in layi ya sake ɗaukewa gobe, ya ajiye makullai.

Juma'a da tsakar rana, da wurin dubawa ya ƙare masa, ya tafi Jabo. Yana dafa akwatin ya fizge hannu, ƙarfen kamar tanda. Ya kwance murfi. Fankar da ke sanyaya na'urar ta mutu, tsatsa ta cinye ta, ba ta bana ba ce, ba ta bara ba. To da me abin yake aiki duk shekarun nan?

Wayarsa ta yi ƙara. Manaja ne, bai ko yi sallama ba ya ce ya ajiye makullai.

Ya tsallaka titi yana yarfe hannu, ba aiki, ba yawu a baki.

"Inna, taimaka mini da ruwa."

Na'iya ba ta ɗago daga damunta ba.

"Ruwana na saidawa na, injiniya. Guda nika ba kyauta, akwatin can. Maigidana ya bar min wasiyyar in jiƙa mai buhu kullum kahin azahar, ban taɓa fashi ba sai ran da ka wurgar da shi."