Gahawar Malam

Ranar da na fita takaba, ban fara zuwa gidan kowa ba sai Gidan Gahawa na Sauƙi da ke bakin tashar Funtuwa. Tun da aka tashi masu shayi daga titi, irinsa ne a kowace kwana, na'ura ce ke haɗa wa mutane abin sha. Nan Malam yake karyawa tun shekarar da hannuna ya fara rawa. Na sha yi masa gori: "Ga tukunya a gida, kana biyan ƙarfe ya dafa maka ruwa." Sai ya ce, "Ladidi, ƙarfen ba ya mita."

Babu kowa a ciki sai na'ura. Ina tsayawa ta ce, "Sannu, Hajiya Ladidi. Allah ya jiƙan Malam Hashimu." Ban san wa ya gaya mata ba.

Na ce, "Abin da yake sha nake so."

"Akwai. Haɗinsa na ajiye da sunansa, gobe ne za mu share shi."

Na karɓa raina a ɓace, ina son in ji abin da ya fi nawa. Na kurɓa. Citta ta yi yawa, sukari bai ji ba. Abin da yake yi mini tsiya a kai ke nan tun ina amarya.

Na ce, "Wa ya koya miki wannan ɓarnar?"

"Shi ne. Wata uku yana dawo da kofi, wai bai kai na gida ba."

Na zauna na shanye tas. Sannan na ce kada ta share haɗin, ta mayar da shi sunana.