Gyaran Zogale

Tun da gonaki suka koma hannun kamfani, sikelin kasuwa ke yanke wa kowane gida rabonsa na ganye, gwargwadon masu numfashi a cikinsa. Sai da Tabawa ta sayar da tunkiyarta kafin ta zo sayen zogale, don ciwon suga ya hana mijinta cin garin kwali na kamfani.

Ta ɗora tafinta a kan sikelin, ya auno rabon mutum ɗaya.

"Ɗanjuma, mu biyu ne fa. Yanzu na baro Malam yana alwala."

Ɗanjuma mai ganyen bai ɗago kai ba, don ya san sikelin ba ya kuskure. Mutumin da bai taɓa yi wa kowa gyara ba ya ƙara mata ƙulli guda, ya ce, "Iya, bar kuɗin. Je ki gida."