Shekarar da Aka Rufe Kogi

Tunda gardama ta yi tsawo a kan ko hukuma ta kyauta a farkon annoba ko ba ta kyauta ba, ku gyara zama in ba ku wani misali.

An yi wani mai fito a wani gari na bakin kogi, yana da 'ya ɗaya tilo da ya aurar a tsallake. Cikin fari gare ta, an kuma shirya da wata ya kama zai je ya ɗauko ta goyon ciki, kamar yadda aka saba. Uwarta har ta tara itacen wankan jego, ta ajiye kanwa da geron kunu. Ana nan sai fatake suka fara kawo labarin wani tari mai zazzaɓi da ya ɓulla a garuruwan ƙetare. Ji ne kawai, babu wanda ya ga majinyaci ko ɗaya da idonsa. Amma mai gari bai jira ba, ya sa aka yi shela cewa an rufe mashigi, ba shiga ba fita. Mai fito ya je ya faɗi gabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, sawu ɗaya tak. 'Yata ce." Mai gari ya ce, "Na sani. In na buɗe maka, da wane baki zan hana na bayanka?"

Su masu fito ba sa barin jirgi a tudu, don rana tsaga shi take yi. In za a daɗe ba a hau ba, nutsar da shi ake yi, a danne da duwatsu. Haka ya yi wa nasa, zuciyarsa na tafasa. Kullum da sassafe yakan zauna a gaɓa, tururi na tashi daga kogin kamar an buɗe tukunya, balbelu na ratsa shi shiru. Yakan leƙa ya ga jirgin kwance a ƙasan ruwa, 'yan kifaye na kai da komo a inda mutane ke zama. In tururin ya yaye, can nesa sai wani ɗigo ja ya bayyana, 'yarsa ce ke kaɗa mayafi, shi kuma ya ɗaga hularsa. Wani lokaci gyangyaɗi ya sace shi, ya ga jirgin ya taso da kansa, ya ratsa furen bado ba mai tuƙi, ya dawo da ita tana dariya.

Wata safiya ɗigon bai fito ba. Washegari ma haka. Mai fito ya shiga ruwa har ƙugu, ya kai hannu kan dutsen farko. Da ya ɗago kai sai ya ga 'yan'uwansa masu fito jere a gaɓa sun zuba masa ido, kowa da nasa a tsallake. Ya san in ya ɗaga dutsen nan, kafin azahar ba jirgin da zai saura a ƙasa. Ya fito yana ɗiga, ya zauna, bai yafe wa mai gari ba.

Kasuwa ta mutu, gishiri ya yi wuya, mai gari kuma ya yi nawar buɗe rumbunsa har wasu gidaje suka koma cin ganyen tafasa. Duk da haka ko tari ɗaya ba a ji a garin ba. Mutane suka riƙa cewa, "Ina annobar take? An tsare mu a kan iska."

Da ruwa ya ja baya, labari ya zo cewa ciwon ya lafa, aka buɗe mashigi. Shi ya fara ƙetarawa. Ya tarar dawa ta nuna a gona tsuntsaye ke girbi, ƙofofi da yawa an toshe su da ƙaya, kaji na kiwo a zaurukan da a da ake hira. Ya isa ƙofar gidan surukansa. Ya yi sallama, aka amsa da wata siririyar murya. 'Yarsa na zaune a tabarma, ta rame kamar sillen kara, jariri a cinyarta.

Bayan sun gama kuka ta ce, "Baba, tun ranar da ka fara ɗaga mini hula da zazzaɓin a jikina, na ɗauka na ciki ne. Kayana a ɗaure suke. Da ka zo, da na shigo, da Inna ce za ta yi jinyata. Uwar mijina da ta yi, kabarinta na bayan gari."

Da ya ɗauko ta da jaririn suka sauka a gida, mutane suka kewaye shi, wai shi da aka fi zalunta ya shige gaba a je a yi wa mai gari ƙorafi. Ya ce, "In maganar hatsi ce, mu je, ni ma ina da ta cewa. Amma ta kogi, ku bar masa." Ya miƙa wa matarsa jikanta, tana tsaye lafiya lau, ta sa hannu biyu ta karɓa.

To, kun ji. Abin da aka tare tun daga nesa ba ya barin sawun da za a nuna, sai wahalar tarewar kaɗai ake tunawa. Mai son yin hukunci ya faɗi laifin rumbu, amma ya ƙetara ya gani kafin ya zagi wanda ya rufe kogi. Shi ya sa magabata suka ce, hanyar lafiya, a bi ta da shekara.