Ƙofar Ɗakin Wuta na Uku

Saura kwana uku masu yankan ƙarfe su hau tsohon jirgin yaƙin da ke ɗaure a tashar Bombay, sai ga wata mata a kwale-kwalen haya tana neman mai gadi. Sunanta Zaibun, daga Ratnagiri ta taso. A bakin mayafinta ta ƙullo takardar da aka aiko wa mahaifiyarta shekara ashirin da uku da suka wuce, mai cewa mijinta Sharfuddin Parkar, mai zuba kwal a jirgin, ya rasu a bakin aiki.

Hamza ne mai gadin, dattijo mai tabon ƙuna a hannu biyu. Leburorin tasha kan tsokane shi cewa ya auri jirgin, don tun da aka gama yaƙi bai ƙara kwana a tudu ba. Ya daɗe yana duban takardar, alhali bai iya karatu ba, sannan ya ce ta biyo shi.

Bai kai ta inda ta nema kai tsaye ba. Sai da ya nuna mata manyan bindigogin jirgin guda huɗu, waɗanda mutum zai iya zura kansa a bakin kowace, ya ce harsashi ɗaya ya fi ƙarti biyar nauyi. Ya sa ta auna kaurin sulken jirgin da tafinta. Ya lissafa mata tekunan da suka ratsa, daga na Sin har Malta, kafin a yi wa jirgin ritaya a mai da shi rumbun kwal. Tana tafe yana satar kallonta.

"Baba, ni fa ba bindiga na zo gani ba," in ji ta. "Inna ta rasu bara. Wasiyyarta ke nan, in zo in yi wa mahaifina fatiha a inda ya cika."

Ya riƙe ƙarfen matakala, ya tambaya ko mahaifiyarta ta sake aure. Zaibun ta ce har ta koma ga Allah ba ta yarda an yi mata zancen ba.

Suka sauka hawa biyar, cikin warin tsatsa da tsohon ruwa, har gaban wata ƙofa mai marufin ƙarfe. Nan ya ba ta labari. A mashigin Dardanelles jirgin ya taka nakiya da hantsi, ruwa ya faso ɗakin wuta na uku, inda ake zuba kwal, mutum goma sha biyu na ciki. Wanda ya fi kusa da ƙofa ya yi tsalle ya fita. Da minti ɗaya ya jira, da rabinsu sun tsira, amma tsoro ya sa ya ja ƙofar ya murɗa. Turawa suka ce ya ceci jirgi da mutum ɗari bakwai. Na ciki kuwa ba su mutu nan take ba, sai da aka yi yini biyu ana jin suna bugun ƙarfe da shebur.

"Har yau suna bugawa, 'yata. In rana ta ɗaga, a hantsin nan dai."

Ta tambaya ko wanda ya rufe ƙofar yana raye. Ya ce ba wanda ya ƙara jin sunansa tun ranar.

"Allah ya isa tsakanina da shi," ta ce a hankali.

Ya ce amin. Ta ɗaga hannu ta yi wa mahaifinta fatiha, shi ma ya ɗaga nasa.

Ya raka ta har kwale-kwale, ya tsaya a bakin jirgi sai da ta ɓace cikin jiragen kamun kifi. Sannan ya koma ƙasa ya zauna, ya jingina bayansa da ƙofar.

Turawa ba su taɓa bambance fuskokin masu zuba kwal ba. Shi ya sa ranar da aka jera waɗanda suka tsira ana kiran suna, da aka ce Hamza, maraya mara kowa da ke can ciki yana bugu, Sharfuddin Parkar ya ɗaga hannu ya amsa.