Hannun da Ya Ce a Wuce

Ɗan sandan ya shimfiɗa zanen hanya a kan tebur, ya ɗora biro a kan kwanar. Ga hawa, ga farin layin da ba a ƙetarewa, ga inda bas ta yi karo da ƙaramar mota. Mai ƙaramar motar yana asibiti da karaya biyu. Direban bas ɗin kuwa yana zaune a benci, goshi naɗe da bandeji, ya kafa wa ƙasa ido.

Ubansa ko wanka bai yi ba ya faɗo ofishin. Saukarsa ke nan daga tafiyar kwana uku aka tare shi da labari a gareji. Shekara talatin yana jan babbar mota, ko akuya bai taɓa bugewa ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji wannan.

Ɗan sandan ya yi masa bayani. Fasinjoji uku sun shaida cewa direban wata tirela ne ya fito da hannu ya yi alamar a wuce. Bas na fitowa ta jera da wutsiyar tirelar, sai ga mota daga kwana. Kan tirelar ya riga ya sha kwana, ta yi gaba abinta, ba wanda ya riƙe lamba. In yaron ya faɗi wace tirela ce, laifi ya rabu biyu. In ya ƙi, duka nasa ne: kotu, ƙwace lasisi, wataƙila har gidan yari.

Nan fa tsoho ya hau. Ya ce kowane direba ya sani, na gaba shi ne idon na baya. In ka fito da hannu ka ce wuce, rayukan mutane ka ɗauka. Wane irin jaki ne zai ba da hannu a wannan hawan, inda ko mita hamsin ba ka gani? Irin waɗanda hannunsu ke lilo a taga kamar na mai korar ƙuda, su ne suka zubar wa sana'a mutunci. Ya zagi mutumin, ya zagi wanda ya koya masa tuƙi, ya bugi tebur har biro ya faɗi.

Sai ya juya kan ɗansa. Launin motar fa? Shiru. Rubutun bayanta? Shiru. Kai, abin da haushi! Mutum da mata da 'ya'ya biyu, ya zauna kamar an ɗinke masa baki saboda wani ƙaton banza da ko birki bai taka ba.

“Yallaɓai, ba ni takardar amsa laifin,” in ji ɗan nasa. “Ni na fita a inda ba a fita.”

Kafin uban ya kai hannu ya hana, ɗan ya sa hannu a takardar ya miƙa. Ɗan sandan ya girgiza kai, ya fita da fayil ɗin.

Tsoho ya cakumi kwalar ɗansa. Ya rantse ba zai kwanta ba sai ya bi gareji-gareji. Hanyarsa ce, ba direban da bai sani ba a kanta, kuma da kansa zai jawo mutumin nan ta wuya ya kawo shi wannan ɗakin.

“Ni na koya maka! Sau nawa na ce kada ka bi hannun kowa a hawa? Sau nawa?”

Sai a lokacin ɗan ya ɗago, idonsa jawur, ya yi ƙasa da murya don kada na waje su ji.

“Ban taɓa bin na kowa ba, Baba. Wannan ma na bi ne don naka ne.”