Gonar Jatau Daga Sama

Tun da doka ta ce hoton da aka ɗauko daga sama ne kaɗai shaida a inshorar gona, maganar manomi ta zama banza. Duk da haka Jatau ya kai busasshen karan geronsa ofis.

Wata ma'aikaciya ta ture karan da bakin biro. "Baba, kwashe sharar nan. Gonarka kore shar take a hoto. Babu diyya."

"'Yata, ba gero ba ne. Darbejiyar da mahaifina ya dasa kuke gani."

"To, je ka yi wa sama bayani."

Jatau ya dubi hannun ma'aikaciyar da bai san fartanya ba, ya yi tsaki. Da isarsa gida, ko ruwa bai nema ba. Ya ce wa matarsa, "Ladi, ina gatarin nan?"